Zare: ledar da ke shiga gonakinmu, waye zai biya kuɗin kwashe ta?

1/ Jama'a, zare ne, kuma yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni. Magana ce kan leda. Ta kwatocin Fagge da Kurna kowa ya gan ta, an sha yin surutu a kai. Ni wadda ke kwance a gonakin Ɗambatta, Makoɗa, Minjibir, Bichi da Kunchi nake nufi. 🧵

2/ Bari in faɗi matsayata tun yanzu don wanda zai gaji a hanya. Kamfanin da ya zaɓi zuba kayansa a mazubin da ba ya ruɓewa, ya kai shi har ƙauyen da motar shara ba ta taɓa shiga ba, shi ne na farko a layin masu biyan kuɗin kwashewa. Mu masu saye da gwamnati muna bayansa.

3/ Sai an fara gane yadda nomanmu yake. A arewacin Kano ba a barin gona ta huta. Mutane sun yi yawa, gonaki ƙanana, rabon gado ya ƙara yayyanka su. Gonar da kakanka ya noma ita babanka ke nomawa duk shekara, gero da dawa, a ratsa wake ko gyaɗa a tsakani.

4/ Abin da ya riƙe ƙasar nan shekara da shekaru shi ne taki. Kashin awaki da tumaki daga turke, toka, sharar tsakar gida, sai kuma sharar birni. Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa da ya koyar a ABU da BUK, ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, lokacin da jakuna ke shiga Kano da itace su fito da mangala cike da taki.

5/ Wato birni ya ci abincin ƙauye, ya mayar masa da shara, sharar ta sake zama abinci. Yanzu a aji ana koya mana wannan da dogon Turanci kamar jiya aka ƙirƙiro shi a Turai. Kakanninmu da jaki suka yi shi 😅

6/ Tsarin ya yi aiki ne don sharar wancan lokaci duk mai ruɓewa ce. Ganye, ɓawo, toka, tsumma, fasasshiyar ƙwarya, kashin dabbobi. Ka zuba da bazara, kafin kaka ta zama ƙasa.

7/ Har yau ana sayen sharar birni a matsayin taki. Jakai sun ragu, tifa da amalanke sun karɓe aikin. Da takin zamani ya yi tsadar da ya yi, manoma da yawa sun ƙara dogara da ita, don ba kowa ke iya sayen buhu ba.

8/ To je ka tsaya inda tifa ta juye a bakin gona wajen watan Maris ko Afrilu. Baƙar leda, ledar ruwa, ledar madara, ta garin wanki, ta biskit, ta taliyar yara, 'yar takardar ɗanɗano mai ƙyalli, har da kunzugun jarirai na zamani. Manomi ya biya kuɗin taki, an haɗo masa da wannan, sannan ya sake biyan yara su tsince masa.

9/ Kuma tsincewar ba ta ƙarewa. Wadda aka gani a cire. Wadda garma ta binne tana nan. Rana ta gasa ta, ta farfashe ta zama ƙanana-ƙanana yadda hannu ba zai iya kamawa ba. Badi a ƙaro wata a kai.

10/ Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a irin gonar nan ya san abin da nake faɗa. Ka sara, ka ji ta maƙale, ka jawo wani tsohon ƙunshi daga cikin kunya. Inda leda ta shimfiɗu a ƙarƙashi ruwa ba ya ratsawa yadda ya kamata, saiwar gero sai ta kewaya. A gonar da ba ta kai eka ba, ko taku ɗaya aka rasa asara ce.

11/ Amma inda abin ya fi ciwo shi ne dabbobi. Bayan an kawar da amfani ana sakin awaki da tumaki su yi kiwo a gonaki. Da rani ya yi nisa, harawa ta ƙare, dabba za ta ci duk abin da ke ƙanshin gishiri ko mai. Ledar da aka ƙulla ƙosai ko alala a ciki kuwa ƙanshin abinci take yi.

12/ Leda ba ta narkewa a tumbi. Tana taruwa, ta dunƙule, ta cika wurin da ciyawa za ta zauna. Dabbar sai ta yi ta ramewa, ciki a kumbure, a yi ta sayen magani ana ɗura mata a banza. Ku tambayi kowane mahauci a kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi me yake cirowa in ya farke tumbi.

13/ A gidanmu an taɓa yanka wata tunkiya ta Inna da ta ƙi ƙiba duk dusar da ake ba ta. Abin da aka zaro daga cikinta dunƙulen leda ne da igiyar buhu, ya kusa cika kwanon sha. Ita kuwa Inna da tunkiyar nan ta yi lissafin kayan ɗakin ƙanwata.

14/ Mutanen birni su gane: a ƙauye akuya ita ce asusun bankin mace. Kuɗin asibiti, kuɗin jarabawa, gara, duk daga turke suke fitowa. In leda ta kashe akuya, ajiyar wata baiwar Allah ce ta shekara biyu ta tafi, kuma ba wanda zai rubuta wannan a rahoton shekara na kowane kamfani.

15/ Yanzu mu zo kan kamfanonin. Sayar da kaya a 'yar ƙaramar leda dabara ce ta kasuwanci, da gangan aka tsara ta. A Najeriya ana yawan tuna madarar Cowbell, wadda kamfanin da yanzu ake kira Promasidor ya shigo da ita a 1993, a matsayin wadda ta buɗe wannan hanya. Sauran suka bi sahu.

16/ Kuma a faɗi gaskiya, dabarar ta yi wa talaka amfani. Wanda ba zai iya sayen gwangwanin madara ba ya samu ta shayin safe ɗaya. Mai tireda a ƙauye ya samu abin ratayawa a igiya. Ni kaina a makaranta da na leda nake rayuwa, kuɗin babban kwali ba sa haɗuwa a hannun ɗalibi. Don haka ba cewa nake a hana ba.

17/ Abin da nake cewa shi ne an yi lissafin rabi an bar rabi. An lissafa yadda kaya zai tashi daga masana'anta a Legas ko Ogun, ya sauka kasuwar Singa, ɗan sari ya ɗora a mota, ya isa shagon ƙarshe a Kunchi. Da aka zo kan inda ledar za ta je bayan an farke ta, sai kowa ya rufe littafi.

18/ Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Riba ta tafi hedikwata, ledar ta zauna a gonar Baba.

19/ Wani abu da ba kowa ya lura da shi ba: leda iri-iri ce. Ta ruwa hawa ɗaya ce, ana iya wanke ta a narka a yi wani abu. Ta madara da garin wanki da kayan ɗanɗano kuwa, da yawansu hawa-hawa ne, roba iri biyu ko uku a manne da wani siririn abu mai ƙyalli a ciki. Raba su aiki ne mai tsada, shi ya sa masu narka roba ba sa nemanta.

20/ Ga hujja mai sauƙi. Yaushe rabon da ka ga ƙarfe ko tsohuwar tukunyar alminiyam ta kwana a juji? 'Yan jari bola sun ɗauke tun da asuba. Tsohon bokiti da fasasshiyar buta ma suna da kuɗi, masana'antun roba na Sharaɗa da Dakata suna saye. Robar lemo mai zoɓo da mai kunun aya na nema.

21/ Duk abin da ke da farashi ba ya zama a ƙasa a jihar Kano. Ledar madara ta zauna ne don ba ta da farashi. Wanda ya ƙera ta haka ya san ba ta da shi.

22/ Kuma kar wani ya ce dawo da mazubi daga ƙauye ba zai yiwu ba. Waɗanda suka girme mu kaɗan sun san zamanin kwalba. Ka sayi lemo, ka sha a gaban mai shago, ko ka ajiye kuɗin kwalba. Motar da ta kawo kiret cike ita ke komawa da wanda babu komai. Har ƙauyen da babu kwalta ana yin haka.

23/ Me ya sa ya yiwu? Don kwalbar dukiyar kamfani ce, in ta ɓata shi ya yi asara. Da aka koma roba da leda, asarar ta tashi daga wuyansa ta koma wuyanmu. Motar kuwa har yau tana zuwa a cike ta koma wayam.

24/ Yanzu alkawura, don nan ne zan ji ana cewa ai kamfanonin suna ƙoƙari. A 2019 Unilever ya yi alkawarin rage sabuwar robar da yake amfani da ita da rabi kafin 2025. A Afrilun 2024 ya sassauta: kashi 30 cikin 100 zuwa 2026, kashi 40 zuwa 2028.

25/ Batun mayar da leda mai laushi irin wadda za a iya sake sarrafawa kuma aka ɗaga shi zuwa 2035. Ita ce dai irin wadda ke rataye a shagunanmu. Yaron da ke tsince ta a gona yau zai yi aure kafin lokacin.

26/ Coca-Cola ma a 2022 ya ce kafin 2030 kashi 25 cikin 100 na abin shan da yake sayarwa zai kasance a mazubin da ake dawowa da shi. A Disambar 2024 ya fitar da sabbin manufofi, wannan alkawari babu shi a ciki. Alkawarin da mai yinsa ke iya gogewa ranar da ya ga dama, ina amfaninsa ga manomin Makoɗa?

27/ Wani abin lura. A 2023 Unilever Nigeria ya sanar da fita daga harkar garin wanki da sabulun wanka, su Omo da Lux. A ƙarshen shekarar P&G, masu Ariel da Pampers, suka ce sun daina ƙera kaya a Najeriya. Kamfani na iya tattara komatsansa cikin wata shida. Ledar da aka sayar shekara ashirin ba ta da fasfo, tana nan.

28/ Doka fa? Akwai ta a takarda. Hukumar NESREA tana da tsarin da ke ɗora wa mai samar da kaya alhakin mazubinsa har bayan an gama amfani da shi. A 2018 manyan kamfanonin abinci da abin sha, irin su Nestlé, Nigerian Bottling Company da Seven-Up, suka kafa ƙungiyar FBRA don wannan aiki. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan sharar roba.

29/ To ɗan Tsanyawa ko Bagwai ya gaya min: a ina ne wurin karɓar leda mafi kusa da kai? Kayan kamfanonin nan sun san hanyar garinku sarai, duk sati suna zuwa. Alhakin ne ya tsaya a manyan birane, inda ake ɗaukar hoto.

30/ Ranar 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, za ku ga hotunan: ma'aikata cikin riguna iri ɗaya suna tsintar roba a bakin teku a Legas, ko ana dasa bishiya goma a harabar makaranta. Madalla, Allah ya ba da lada. Amma washegari injin ya ci gaba da fitar da leda kamar yadda ya saba.

31/ Na san me wasu za su rubuta a ƙasa: "Ai mu ne ƙazamai, mu muke zubarwa." Akwai gaskiya a ciki. Mai sayen ƙosan ɗari ya nemi leda biyu, mun ajiye kwando da kwanon cefane, fura ma yanzu a leda ake ƙulla ta. Wannan namu ne, ba Bature ya sa mu ba.

32/ Amma ɗauki matar da ta fi kowa tsafta a ƙauyenku. Ta share gida tas, ta tara ledar a wuri ɗaya. Sai ta kai ina? REMASAB aikinta a cikin birni yake, can ɗin ma da kyar. Abu uku ya rage mata: ta ƙona ta shaƙi hayaƙin ita da 'ya'yanta, ta binne, ko ta zuba a juji. Jujin nan kuwa shi ne takin gonar mijinta.

33/ Wa'azin tsafta ba zai buɗe mata hanya ta huɗu ba. Kuɗi ne zai buɗe.

34/ Wasu kuma za su ce a haramta kawai, kamar Ruwanda a 2008 ko Kenya a 2017. Legas ma ta hana farin mazubin abincin nan mai kama da soso a Janairun 2024, ta faɗaɗa hanin a Yulin 2025. Amma ku lura, ko Legas ba ta taɓa ruwan leda ba.

35/ Nijar da ke maƙwabtaka da mu ta yi dokar hana leda tun 2014. Wanda ya je kasuwar Maraɗi ya faɗa mana ko ta ɓace. Doka ba tare da madadi ba, sai dai ta zama hanyar karɓar na goro a bakin kasuwa.

36/ Kuma ruwan leda a wurinmu ba abin wasa ba ne. Inda famfo ba ya zuwa, rijiya ta ƙafe da bazara, shi mutane ke sha. Dubban matasa ke ci daga harkar. Ka hana shi yau, ka sa wani ya koma shan ruwan kududdufi.

37/ Wannan ya kawo ni kan 'yan gida, don kar a ce Turawa kaɗai na sa a gaba. Masu buga ruwan leda namu ne, Alhazan unguwa ne, muna gaisawa a masallaci. Masu ƙera baƙar leda ma a Kano suke. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sunanka da lambar NAFDAC ɗinka suna jikin ledar, ba ta yi ɓatan kai ba.

38/ Ledar ruwa ma ita ta fi sauƙin magancewa, tunda tana narkuwa kuma a birni akwai masu sayenta a kilo. Matsalarta a ƙauye rashin nauyi ne. Ka tara buhu guda, kuɗin da za a ba ka bai kai na motar kai shi Kano ba. To motar da ta kawo ruwan fa, me take ɗauka in za ta koma?

39/ Abin da nake ganin ya kamata a nema ba wani abin a zo a gani ba ne. Kamfani ya sa wa ledarsa farashi. Duk dilan da ke rarraba kaya ya zama wurin karɓa, da sikeli, a auna a biya nan take. A fara da ranakun kasuwa, tunda a nan kowa ke haɗuwa. Wallahi in yara suka ji ana sayen ledar madara a kilo, sati biyu ba za ka ga ko ɗaya a gona ba.

40/ Kuɗin kuma ya fito daga asusun da kamfanoni za su zuba gwargwadon yawan ledar da kowanne ya shigo da ita jihar. Sun san adadin, har kwali ɗaya ba ya ɓace musu a lissafi. Majalisar dokokin Kano na iya mayar da wannan doka, ba sai ta jira Abuja ba, balle taron duniya kan roba da aka tashi baram-baram a Janeba a Agustan 2025.

41/ Wadda ba ta narkuwa kuma, su kwashe abinsu su san yadda za su yi da ita. Ranar da ta fara taruwa a harabar masana'anta maimakon gonar wani, za ku ga yadda injiniyoyinsu za su samo mazubi mai hawa ɗaya da gaggawa, ba sai 2035 ba.

42/ "Ai za su ƙara kuɗin a kan kaya." Eh, mai yiwuwa. Amma tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 sau nawa aka ƙara farashi, aka kuma rage abin da ke cikin ledar, ba tare da an kwashe ko guda ba? In za a ƙara ɗan wani abu ya dawo hannun yaron da ya tara leda a Minjibir, wannan ƙarin na san inda ya tafi.

43/ Kuma yanzun ma ana biya. Mai tunkiya ke biya, da manomin da ke sallamar yara masu tsinta. Su ne kuma suka fi kowa ƙarancin sayen kayan, don rabin ledar daga birni tifa ta kawo musu.

44/ Ga roƙona ga 'yan yankinmu da ke nan, musamman ɗaliban BUK, Wudil da Kwalejin Bichi da ke komawa gida hutu. In lokacin kai taki ya zo, je gonarku da waya. Ɗebi kwando ɗaya daga tulin, ka ware ledar da ke ciki, ka jera su yadda sunayen za su fito, ka ɗauki hoto.

45/ Ka rubuta sunan garin da ranar, ka saka a ƙarƙashin zaren nan, ka kira shafin duk kamfanin da sunansa ya fito, da na NESREA, da ɗan majalisar jiha na mazaɓarku. In kana da mahauci a dangi, nemi izininsa ka ɗauko mana na tumbi ma. Zan tattara su gari-gari in sake sakawa in sha Allah.